Ba a ɓare ɗanyar doya, ba a fere gyaɗa

Tambayar farko ta fito ne daga wata malamar sakandare a Zariya mai koyar da Turanci. Ta ce ta zo kan kalmar nan ta Ingilishi, "peel off", wadda Bature ke faɗa ga ɓawon lemu, da takardar da aka liƙa a bango, da rigar da gumi ya manne ta da jiki, har da motar da ta bar jerin gwano ta kama wata hanya. Da ta ce ɗalibai su mayar da jimlolin Hausa, kusan duk ajin "cire" suka rubuta daga sama har ƙasa. Shi ne take tambaya ko dama kalma ɗaya ce muke da ita.

Malama, ɗalibanki ba su yi kuskure ba, amma sun bar dukiya a ɗaka sun fito da kwabo. Cire kalma ce mai faɗi, kome aka ɗora mata za ta ɗauka, shi ya sa ba ta nuna wa mai sauraro yadda aka yi aikin. Bahaushe kuwa kafin ya zaɓi kalma yakan duba abu biyu: da me aka raba ɓawon da jikin abin, kuma wane irin riƙo ɓawon ya yi.

In wuƙa ce ke bi tana yanko ɓawon, har takan ɗan haɗa da tsokar abin, wannan fere ne, wasu kuma sukan ce feraye. Ana fere doya da kabewa da rake da ɗanyen dankali. In kuwa farce da yatsu ne ke aikin, ɓawon kuma dama a shirye yake ya saki, to ɓare ne: gyaɗa, ayaba, tafarnuwa, dafaffen ƙwai. Ki gwada su da lemu, shi ne zai raba gardama. Mai lemu a bakin tasha yana juya shi a hannu wuƙa na bi, ya bar farar rigar ciki, ya yanke kan a tsotsa: fere shi ya yi. Yaro a gida ya kafa farce ya ɓanɓare, ya rarraba wa ƙannensa: ɓare shi ya yi. Haka dankali, ɗanye a fere, dafaffe a ɓare. Daga nan ne ma ɓare ya yaɗu, ake cewa an ɓare sabuwar waya daga kwalinta, ko jariri ya ɓare baki yana kuka.

Takardar bango kuma ɗaye ta ake yi. Ɗaye na abin da ake kama bakinsa a ja ne, ya biyo hannu da tsawo, kamar yadda ake ɗaye rama a yi igiya, ko ɓawon itace, ko filastar da aka manna wa ciwo. Abin yana iya yi da kansa ma, sai a ce fenti ya ɗaye. In fatar mutum ce ruwan zafi ya taɓa, sai a ce ta sale ko ta saɓule. In faɗuwa ya yi ƙasa ta goge shi, ya ƙuje gwiwa ke nan. Maciji shi kam saɓa yake yi, ya bar tsohuwar rigarsa a gindin kara. Abin da ya kama ƙam, ba ya biyo hannu sai an bi shi da ƙarfe, kamar ƙanzo a gindin tukunya, shi ake kankarewa. Ki lura da inda muka kai wannan kalma: mukan ce wa majinyaci Allah ya sa kankarar zunubi ce. Ba mu ce a ɓare zunubi ba, domin mun ɗauke shi abu mai kama jiki.

Rigar da ta jiƙe da gumi tuɓe ta za a yi, ko a kwaɓe. Motar da ta bar jeri ta ware, ko ta zame. Mutumin da ya fito da damin kuɗi ya janye 'yan takardu daga sama, zaro su ya yi.

Akwai abu ɗaya da zai yi wa ɗalibanki amfani a nahawu. Fere, ɓare, ɗaye, sale, kankare, tuɓe, kwaɓe, duk da wasalin "e" suka ƙare. A tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, wanda ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai, waɗannan 'yan giredi na 4 ne, masu nuna cewa aikin ya game abin duka ko ya raba shi da inda yake. Wato aikin da 'yar ƙaramar kalmar "off" ke yi wa Bature a bayan aikatau, mu wasalin ƙarshe ne ke yi mana. Shi ya sa ɓara goro daban, ɓare gyaɗa daban, zare daban, zaro daban. In ɗalibi ya gane haka, zai ga abin da ya saba yi ne a harshensa tun yana goye.

Wani matashi mai aikin fassarar labarai a gidan rediyo ya tambaya: tuɓe sarki ake yi ko tsige shi? Ya ce yana jin duka biyun a bakin abokan aikinsa.

Malam, za ka ci gaba da jin duka biyun, kuma ba wanda zai kasa fahimta. Amma in ni za ka bi, tuɓe na sarki ne, tsige na zaɓaɓɓe. Dalili kuwa a jikin sarautar yake. Sarauta a wurinmu sawa ake yi: a naɗa rawani, a yafa alkyabba, shi ya sa bikin ma sunansa naɗi. Abin da aka sa a jiki kuwa tuɓe shi ake yi. Saboda haka muke cewa gwamnatin Janar Sani Abacha ta tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a watan Afrilun 1996, aka naɗa Muhammadu Maccido. Tsige kuwa asalinsa fizge abin da ya tsiro ya kafu ne, kamar furfura ko gashin tsuntsu, ɗan'uwan fige ne da ake yi wa kaza. Da tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko ya zo Nijeriya a 1979, aka buƙaci kalmar da za ta ɗauki hukuncin majalisa na raba shugaba da kujerarsa, tsige ta zauna daram. Ita muke faɗa game da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, wanda Majalisar Dokokin jihar Kaduna ta tsige a watan Yunin 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a ƙasar.

Ka kuma kiyaye kalma ta uku, murabus. Ita tana nufin mai sarautar ne ya ajiye, ko da kuwa matsa masa aka yi. Da ita ake ba da labarin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya a 1963, lokacin da ya bar gadon ya koma Azare. Mai fassara ya auna waɗannan kalmomi da kyau, domin mutuncin gida guda na rataye da su, kuma jikokin mutanen suna sauraron rediyon.

Wata ɗaliba daga Maraɗi ta nemi bayanin "feɗe biri har wutsiya", kuma ko akwai karin maganar da ke kishiyantar sa.

'Yata, feɗe shi ne raba dabba da fatarta bayan an yanka, sunan aikin fiɗa, wanda a wajenku da Katsina da Sakkwato za ki ji ana cewa hiɗa, kamar yadda fata ke komawa hwata. Duk wanda ya tsaya kan ragon layya ya san aikin: a tsaga, a hura, a riƙa cusa dunƙulen hannu tsakanin fata da nama don kada wuƙa ta huda, kai da ƙafafu kuma a ajiye su gefe sai an babbake. Daga wannan fiɗa ce muka samo sunan aikin likita, ake cewa an yi wa wane fiɗa, wato tiyata.

To me ya sa biri, me ya sa wutsiya? A fahimtata, wutsiyar biri doguwa ce, siririya, ba nama, kuma ita ce ƙarshen jiki. Mai neman sauƙi zai datse ta ya jefar. Wanda ya bi ta har tsini kuwa bai bar komai a rufe ba. Don haka in an ce wane ya feɗe biri har wutsiya, ya faɗi magana ne duka, har da ɓangaren da ake jin nauyin faɗa. Ba ƙarya ake nufi ba, ba kuma zagi ba.

Kishiyarsa ita ce "a bar kaza cikin gashinta". Kaza da gashinta cike take da kyan gani, in an fige ta sai ramarta ta fito fili. Dattijo yakan faɗi haka a wurin sulhu idan ya ga tone-tone zai kai inda ba a komowa. Ina son mai karatu ya riƙe biyun tare, don Hausawa ba su zaɓi ɗaya suka yar da ɗaya ba. Mu mutane ne masu girmama sutura, addu'armu ta kullum Allah ya rufa asiri, kuma in aka ce wane ya kware wa ɗan'uwansa baya, zargi ne mai nauyi. A nan ma a kula da rubutu: kware na buɗewa daban, ƙware na gwaninta ko na abinci ya bi ta maƙogwaro daban. Duk da haka mu ne muka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gaban likita, gaban alƙali, wurin binciken aure, nan ba wurin barin kaza cikin gashinta ba ne, kuma na ga gidajen da kunyar da ba ta dace ba ta jawo musu asara mai yawa.

Sai wata uwa daga Kumasi da ta ce an gayyace ta bikin yaye ɗalibai, ta yi mamaki, don ita yaye a saninta na mai shan nono ne.

Hajiya, kalmar ɗaya ce, kuma tana cikin dangin da muke magana a kai. Asalin yaye shi ne ɗage abin da ya lulluɓe: iskar farkon damina ta yaye rufin kwano, an yaye wa amarya mayafi, hazo ya yaye. In an yaye yaro, an janye shi daga nonon da ya dogara da shi, sau da yawa ma a kai shi wurin kakarsa ya kwana biyu har ya manta. Makaranta ta ari wannan hoton ne, ita ce uwar, karatu shi ne nonon, ɗalibin kuma ya isa ya ci da hannunsa. Shi ne kuma yayen da kike roƙo in kin je dubiya ko kin ji labarin wani bala'i kika ce Allah ya yaye, domin cuta da talauci da baƙin ciki a harshenmu lulluɓe mutum suke yi. Ki je bikin da farin cikinki, Allah ya sa wa karatun albarka.