Fatawa: Barci ya yi mini yawa, har Asuba tana wuce ni

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni magidanci ne, shekaruna 34. Kusan shekara biyu ke nan barci ya fi ƙarfina. Nakan yi awa goma, ranar da babu aiki har sha biyu, amma idan na tashi jikina a mace yake, kaina yana ciwo, kamar ban runtsa ba. Yawancin ranaku sai rana ta fito nake farkawa, Asuba ta riga ta wuce. Na yi ƙiba, maiɗakina kuma ta ce ina munshari mai ƙarfi. Wani abokina ya ce ba ni da laifi tunda an ɗauke alƙalami a kan mai barci, wani kuma ya ce sihiri aka yi mini. Malam, ina da zunubi? Yawan barci haramun ne? Ta yaya zan rabu da shi?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa.

Barci a asalinsa ni'ima ce. A Suratun Naba'i Allah ya ce ya sanya barcinmu hutu, ya sanya dare sutura, ya sanya yini lokacin neman abinci, a Suratur Rum kuma ya lissafa shi cikin ayoyinsa. Babu aya ko hadisi da ya yanke adadin awanni ya ce wanda ya wuce su ya yi saɓo. Saboda haka ba a ce wa yawan barci haramun a karan kansa. Hukuncinsa yana bin abin da ya ɓata ne da kuma dalilin da ya kawo shi. Idan ya tozarta farilla, ko haƙƙin iyali, ko aikin da ake biyan mutum albashi a kansa, kuma da sakacin mutum, ya zama haramun. Idan lokaci kawai ya ci, makaruhi ne. Idan kuwa ciwo ne ya kawo shi, mai shi yana da uzuri, abin da ke kansa neman magani.

Malamai dai ba su taɓa yabon yawansa ba. Ibnul Ƙayyim ya saka shi cikin abubuwa biyar masu ɓata zuciya. Imamul Gazali kuma ya yi wani lissafi da nake son kowane matashi ya ji. Ya ce dare da yini awa 24 ne, kada barcinka ya wuce awa 8, domin idan ka rayu shekara 60 ya ishe ka asara a ce 20 sun tafi a barci. Ɗauki ma'auninsa ka auna kanka. Mai awa 10 ya ba barci shekara 25 cikin 60, mai awa 12 ya ba shi 30 cif.

Abokinka na farko ya faɗi rabin magana. Gaskiya ne an ɗauke alƙalami a kan mai barci har ya farka, kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Ƙatada cewa Annabi (SAW) ya ce babu sakaci a cikin barci, sakaci yana kan wanda bai yi sallah ba har lokacin wata ya shigo. Shi kansa Annabi (SAW) makara ta taɓa samunsa. A hanyar dawowa daga Khaibar, shekara ta 7 bayan Hijira, sun kwana suna tafiya, da gyangyaɗi ya kama su suka sauka, ya ce wa Bilal ya tsare musu daren. Bilal ya yi ta nafila, da alfijir ya kusa ya jingina da raƙuminsa yana fuskantar gabas, barci ya sace shi. Babu wanda ya farka sai da rana ta taɓa su. Da Annabi (SAW) ya kira sunansa, Bilal ya ce wanda ya riƙe ranka shi ya riƙe nawa. Ba a tsawata masa ba. Suka gusa daga wurin, aka yi alwala, aka ta da iƙama, aka yi sallah.

To amma dubi labarin da kyau. Matafiya ne da suka kwana a hanya, kuma kafin Annabi (SAW) ya kwanta sai da ya naɗa mai tashinsu. Wanda ya yi haka barci ya rinjaye shi, shi ne hadisin ɗauke alƙalami ya rufa wa asiri. Akwai kuma wasu hadisan da abokinka bai kawo maka ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa an ambaci wani mutum da ya yi barci har gari ya waye, Annabi (SAW) ya ce wannan Shaiɗan ne ya yi fitsari a kunnensa. A hadisin mafarki mai tsawo na Samura bin Jundub da ke Bukhari, wanda ake fasa wa kai da dutse shi ne mai watsi da Alƙur'ani bayan ya karɓe shi, yana barci ya bar sallar farilla.

Hanyar haɗa waɗannan da waɗancan ita ce a gane cewa laifin mai makara a farke yake aikata shi. Mutum ya zauna da waya a hannu har ƙarfe biyu na dare, ya san ba zai tashi ba, sannan ya saita ƙararrawa daidai lokacin fita aiki, ya tsallake alfijir. Alƙalami bai ɗauke a kansa ba sa'ad da yake saita agogon, domin idonsa biyu. Na san malaman fiƙihu na Malikiyya sun ce wanda ya kwanta kafin shigar lokaci ba shi da zunubi, haramcin yana kan wanda ya kwanta bayan lokaci ya shiga alhali yana zaton barcin zai cinye shi. Wannan magana tasu ta dace da wanda abin ya faɗo wa jefi-jefi. Ban ga yadda za ta zama mafaka ga wanda ya mayar da fitowar rana lokacin Asubarsa shekara da shekaru ba, alhali jirgi ko jarrabawa ba su taɓa wuce shi ba. Don haka ka tambayi kanka: kana kwanciya da wuri, kana sa abin da zai tashe ka, kana ƙudurta tashi? Idan e, ba ka da zunubi. Abu Dawud ya ruwaito cewa Safwan bin Mu'aɗɗal ya ce su 'yan gida ne da aka sani da nauyin barci, da ƙyar suke farkawa kafin rana ta fito, Annabi (SAW) ya ce masa idan ka farka ka yi sallah. Idan kuwa a'a, tuba ta wajaba a kanka.

Ko ta wane hali, da ka farka sallah ce farko, kafin wanka, kafin karin kumallo, kafin duba saƙonni. Kada ka jinkirta ta zuwa Azahar ko Asubar gobe kamar yadda wasu ke yi. Hadisin Anas ya ce kaffararta shi ne a sallace ta sa'ad da aka tuna.

Yanzu batun lafiya, kuma a nan ne tambayarka ta fi ɗaukar hankalina. Likitocin barci suna cewa baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9, matashi mai tasowa 8 zuwa 10. Mai jinya, da mai juna biyu, da wanda ya tara bashin barci, sukan bukaci ƙari, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma bincike da yawa ya nuna cewa waɗanda suka saba wuce awa 9 kullum an fi samun ciwon suga, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ƙiba, da ciwon damuwa a cikinsu, kamar yadda ake samu a masu ƙarancin barci. Ciwon kai da ciwon baya bayan doguwar kwanciya kuwa kowa ya san su. Sai dai masu binciken da kansu suna jan kunne cewa haɗuwar abu biyu ba ta nuna wanne ya haifi wanne. Sau da yawa ciwon ne ke zuwa a ɓoye, yawan barcin alamarsa ce kawai.

Kai kuma ka ambaci abubuwa huɗu a tare: munshari mai ƙarfi, ƙiba, ciwon kai da safe, da tashi a gajiye bayan awa goma. Waɗannan sanannun alamu ne na ɗaukewar numfashi cikin barci. Hanyar iska a maƙogwaro takan toshe, numfashi ya tsaya na daƙiƙoƙi, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya ja numfashi ya koma, ba tare da ya sani ba. Hakan na iya maimaituwa sau da dama cikin awa guda. Mai wannan matsala yana daɗewa a shimfiɗa amma bai samu barci mai nauyi ba, kuma idan aka bar ta takan jawo hawan jini, ga haɗarin gyangyaɗi a kan tuƙi. Ka ce wa maiɗakinka ta saurara ko munsharin yakan yanke ɗif sannan ka ja numfashi kamar wanda aka shaƙe. Tana da magani, daga rage ƙiba da kwanciya a gefe, har zuwa na'urar da ke tura iska ta hanci da dare. Akwai kuma ƙarancin jini, da raunin tayirod, wato abin nan na gaban wuya da kan kumbura ya zama maƙoƙo, da ciwon suga, duk gwajin jini yana nuna su. Wasu magungunan mura da tari da ƙaiƙayi suna sa barci. Ciwon damuwa ma yakan zo da siffar barci: mutum ya rasa sha'awar komai, shimfiɗa ta zama maɓoyarsa. Wannan ciwo ne da ake magancewa, ba a ce masa raunin imani.

Maganar sihiri kuwa, ban ga hujjarta a abin da ka faɗa ba. Karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya sunna ce ga kowa, ka riƙe su. Amma kada a rufe ka da zargin mutane alhali abin da ke damunka yana iya kasancewa a maƙogwaronka. Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani, bayin Allah. Tunda abin ya kai ga cinye maka farilla, ni a wurina ganin likita ya zama wajibi a kanka idan kana da hali.

Hanyar rabuwa da ɗabi'ar daga dare take farawa. Abu Barza ya ce Annabi (SAW) yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta, kuma wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Jiki yana da agogo na ciki wanda haske ke saita shi, binciken yadda yake aiki ne ma ya sa aka ba masana uku na Amurka kyautar Nobel a 2017. Hasken safe yana jawo agogon baya, barci ya zo da wuri, hasken fitila da na waya da dare yana tura shi gaba, barci ya yi jinkiri. Don haka ka tsayar da lokacin tashi guda, har ranar hutu, domin awa sha biyun nan ta ranar hutu ita ke rikita maka sauran mako. Ka riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 zuwa 30 duk bayan 'yan kwanaki. Ka ajiye waya nesa da shimfiɗa, inda sai ka miƙe ka taka kafin ka kashe ƙararrawa. Rage cin dare, ka tuna hadisin kashi uku na ciki: ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Shayi da kofi su tsaya tun da rana, domin sinadarinsu mai hana barci yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Ka motsa jiki ko da tafiya ce.

Nauyin da kake ji a farkon farkawa magagin barci ne, yakan washe cikin kimanin rabin awa. Kada ka yanke wa kanka hukunci a cikinsa cewa barcin bai ishe ka ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda hadisin ƙulli uku ya tsara wannan lokaci. Shaiɗan yana ƙulla ƙulli uku a ƙeyar mai barci yana cewa dare da sauran tsawo, yi ta kwanciya. Ambaton Allah ya kwance ɗaya, alwala ta kwance ɗaya, sallah ta kwance na ƙarshe, mutum ya wayi gari da nishaɗi. Harshe ya motsa, ruwa ya taɓa fuska, gaɓoɓi su miƙe. Ka ba maiɗakinka izini ta yayyafa maka ruwa idan ka ƙi tashi, Annabi (SAW) ya yi addu'ar rahama ga ma'auratan da ke yi wa juna haka don sallar dare, balle farilla.

Bayan Asuba ka daure kada ka koma, ka fita haske ya same ka. Komawar ba haramun ba ce, hadisin da ake yaɗawa cewa barcin safe yana hana arziki bai inganta ba, haka ma wanda ke cewa barcin bayan La'asar yana taɓa hankali. Abin da ya tabbata shi ne addu'ar Annabi (SAW) ta albarka ga al'ummarsa a sammakonta, kuma Sakhr al-Gamidi da ya ruwaito ta ɗan kasuwa ne mai aika hajarsa da sassafe, dukiyarsa ta yawaita. Idan barci ya matsa maka, ka yi ƙailula da rana ta minti 20 zuwa 30. Wadda ta fi haka, ko ta kai yamma, daga daren take cira.

Kada kuma zafin tuba ya kai ka ɗaya gefen, ka ce daga yau awa huɗu za ka riƙa yi. Annabi (SAW) ya gaya wa Abdullahi bin Amr cewa jikinka yana da haƙƙi a kanka, idonka yana da haƙƙi a kanka. Ka nufi awa 7 zuwa 8. Ka ɗauki takarda ka rubuta lokacin kwanciyarka da na tashinka da yadda ka ji da safe har mako biyu, ka tafi da ita wurin likita, tare da sunayen duk magungunan da kake sha da abin da maiɗakinka ta ji da dare.

Wallahu a'alam.