Iskandari, Zulƙarnaini da sarkin yawa

Tambaya: Malam, ina asalin sunan Iskandari, kuma shi ne Zulƙarnainin da ke cikin Suratul Kahfi?

Amsa: Sunan ya zo mana ne ta Larabci. Da Girkanci Aleksandros ake cewa, wato mai kāre mutane. Larabawa suka ɗauki "al" ɗin farkon sunan a matsayin "al" ɗinsu na ma'arifa, sai ya koma al-Iskandar, mu kuma muka ƙara masa wasali a ƙarshe kamar yadda muka saba. Birnin Iskandariyya na Masar, Iskandari sarkin Masedoniya da ke arewacin Girka ne ya kafa shi a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Zulƙarnaini kuwa laƙabi ne, ma'anarsa mai ƙaho biyu. Kalmar "ƙarn" a Larabci tana nufin ƙaho, tana kuma nufin zamani, daga nan muka samo "ƙarni". Abin da ya sa ake haɗa su shi ne, Iskandari ya ziyarci wurin bautar Amun, abin bautar Misirawa mai ƙahon rago, a Siwa ta ƙasar Masar, kuma tsabar kuɗin da aka buga bayan mutuwarsa suna nuna shi da ƙahon rago. Amma malamai irin su Ibn Kasir sun ƙi wannan haɗi, domin Zulƙarnaini mai imani ne, Iskandari ɗan Filibus na Masedoniya kuwa, almajirin Aristotal, gumaka yake bauta wa. Ina roƙon masu rubutu su daina musanya sunayen nan biyu.

Tambaya: Ana cewa "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi", alhali Iskandari ya ci Farisa da runduna ƙarama. Karin maganar ta faɗi ke nan?

Amsa: Ba ta faɗi ba. "Sarki" a nan ba mai rawani ba ne, gwani ne a abu, kamar yadda ake cewa sarkin surutu. "Yawa" kuma taro ne mai baki ɗaya, irin na taron dangi a kan ƙato guda.

Dubi yaƙin Gaugamela, kusa da Mosul ta yau, a 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Iskandari yana da mayaƙa kimanin 47,000, Dariyus na Uku, sarkin Farisa, ya fi shi jama'a nesa ba kusa ba, sai dai an tattaro su ne daga ƙabilu daban-daban. Dakarun Masedoniya suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa, kowa riƙe da mashi mai tsawon mita biyar ko fiye, da hannu biyu. Iskandari ya yi ta karkata dama da mahayansa, Farisawa suka bi shi don kada ya zagaye su, sahunsu ya tsage. Ta wannan ɓarakar ya kutsa ya nufi Dariyus. Da sarki ya juya baya, tsakiyar rundunar ta watse.

Wurin da karin maganar ta kama Iskandari kansa shi ne bakin kogin Biyas a ƙasar Indiya, a 326, bayan ya ci Sarki Porus. Shekara takwas ke nan suna tafe tun da suka ƙetara Asiya, ga damina ta dame su. Mayaƙan suka haɗa baki suka ce ba za su ƙara taku ɗaya gabas ba. Ya shige tanti ya yi fushi na kwanaki, ba wanda ya sauya magana. Dole ya juya da su, kuma bai sake ganin Masedoniya ba, ya mutu a Babila a 323 yana da shekara 32.