Tambaya da Amsa: Tsohuwar Bindigar Farauta da Sabuwa

Tambaya: Malam, ni mafarauci ne a wani ƙauye kusa da Haɗejiya. Bindiga mai baki biyu da na gada daga mahaifina ba ta taɓa ƙin tashi ba, amma sabuwar da na saya bara kunamarta ta fara cijewa tun damina ba ta fita ba. Shin ƙarfen zamani ne ya lalace?

Amsa: Malam, ƙarfen yau bai kasa na da ba, hannun da ke haɗa shi ne ya sauya. Ɗauki misalin tsofaffin bindigogin Birminham ta Ingila: maƙera ne suke goge kowane ƙarfe da hannu har ya zauna daram, sannan a kai su gidan gwajin bindiga na birnin, wanda aka kafa a 1813, a harba su da albarushi fiye da ƙima kafin a buga musu hatimi. Masu araha na yanzu kuwa inji ne ke fitar da su da yawa, kuma a ganina wajen ƙananan sassan ciki ake tsuke kuɗi, shi ya sa ƙurar hunturu da raɓar fadama suke saurin kama su.

Sai dai ina roƙonka ka kula da ta mahaifinka, domin da yawa daga cikin tsofaffin an yi ɗakin harsashinsu, wato gurbin da harsashi ke zama a ciki, mai tsawon milimita 65, alhali harsashin kasuwa yanzu yawanci milimita 70 ne, kuma cusa shi yana iya illata bindigar da mai riƙe da ita. Ka kai ta wurin ƙwararre ya auna, kuma ka tabbata lasisinka na 'yan sanda bai ƙare ba.