Hukuncin Ba Mabarata Sadaka da Taimakon Masu Kwana a Titi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma daga gida zuwa rumfa ba na rasa masu miƙo hannu: almajirai a danja, mata masu goyo, guragu, da majiya ƙarfi masu yawo da takardar magani. Da asuba kuma nakan ga mutane kwance a ƙarƙashin gada cikin wannan hunturu. Wani abokina ya ce ba su kuɗi ƙarfafa bara ne, kuma tunda gwamnati ta hana, mai bayarwa ma ya yi laifi. Ni kuwa idan na hana sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Mene ne hukunci, kuma ko zan iya ba su daga zakkata?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa dukiyarka albarka, Alhaji. Abokinka ya haɗa hukunci biyu da shari'a ta raba, wato hukuncin mai roƙo da hukuncin mai bayarwa, kuma sai an warware su sannan amsa za ta fito.

Game da mai roƙo, asalin bara haramun ce ga wanda yake da abin da zai wadace shi ko yake da ƙarfi da hanyar nema. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya gaya wa Ƙabisa ɗan Mukhariƙ roƙo bai halatta ba sai ga mutum uku: wanda ya ɗauki bashi don sulhunta mutane, da wanda annoba ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama har mutum uku masu hankali daga cikin mutanensa suka shaida haka. Su ma, na farko iya abin da zai biya bashin aka yarje masa, sauran biyun kuma iya abin da zai tsayar da rayuwarsu, daga nan sai su kame. A wani hadisin na Muslim, wanda ya roƙi dukiyar mutane don ya tara, garwashin wuta yake roƙo. Saboda haka ƙaton da ya mayar da maula sana'a, yana bin rumfa-rumfa da labari ɗaya shekara da shekaru, haram yake ci, ko da mai ba shi ya bayar da daɗin rai.

Shi mai bayarwa, ba a ɗora masa tonon asirin mutane ba. Allah ya ce a aya ta 10 ta Suratud Duha kada a tsawace wa mai roƙo, ya kuma yabi bayinsa a aya ta 19 ta Suratuz Zariyat da cewa a cikin dukiyarsu akwai haƙƙin mai roƙo da wanda ya rasa. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya fita da dare da sadakarsa, ta faɗa hannun ɓarawo, ya sake fita ta faɗa hannun mazinaciya, ya sake fita ta faɗa hannun mawadaci, amma duk da haka aka karɓa masa. Wannan ya nuna idan ka ba mutum bisa abin da ya bayyana gare ka na buƙata, ladanka ya tabbata, in ma ƙarya ya yi to tana wuyansa. Ba daidai ba ne a ce ka yi zunubi. Inda hukunci yake canzawa shi ne idan ka sani, ko zatonka ya rinjaya, cewa kuɗin zai tafi wajen sayen ƙwaya ko sholisho, ko kuma yaron da ke gabanka wani babba ne ya turo shi yana jiran ya kawo masa da yamma. A nan ba shi kuɗi taimako ne a kan saɓo, sai ka mayar da sadakar ta zama abinci ko tufa. Idan kuwa ba za ka bayar ba, kalmar da iyayenmu suka saba ta isa, "Allah ya ba da haƙuri", ba tare da hantara ko ɗaure fuska ba, domin aya ta 263 ta Suratul Baƙara ta fifita kyakkyawar magana a kan sadakar da cutarwa ke bin bayanta.

Akwai wani rukuni da maganarsa ta wuce sadakar ganin dama, su ne waɗanda yunwa ko sanyi ko ciwo ke barazana ga ransu. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa tunkuɗe cuta daga Musulmi cikin farillan kifaya, kamar yadda ya zo a littafin fiƙihu na Mukhtasar na Khalil, kuma ciyar da mayunwaci da tufatar da marar tufa yana ciki. Idan wasu sun yi ya faɗi a kan saura, idan kowa ya kau da kai to duk wanda ya sani kuma yana da iko ya yi laifi. Tsohon da ka gani da asuba ya ƙudundune a kan kwali, ya rufe kai da buhu, a lokacin da kai kake cikin rigar sanyi a mota da gilashi a rufe, ba ya cikin waɗanda ake tsayawa bincike a kansu. Bargo da abin karin kumallo haƙƙinsa ne a kan wanda ya gan shi, kuma kai da kake sana'ar yadi ka fi kowa sauƙin sauke wannan nauyi. Ba a tambayar addininsa ko garin da ya fito, domin Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan kowane mai rai. Da yawan matan da ake gani da yara a bakin titi ma rikicin 'yan bindiga ne ya raba su da ƙauyukansu, kuma suna cikin rukuni na biyu na hadisin Ƙabisa. Rashin muhalli ba abin ƙyama ba ne a Musulunci: Ahlus Suffa, wato matalautan sahabbai marasa muhalli, a masallacin Annabi suke kwana, sahabbai suna ɗaukarsu zuwa gidajensu su ciyar da su. Wanda kuma ka lura taɓin hankali ne ya fitar da shi, abinci kaɗai ba zai wadatar ba, sai a sanar da mai unguwa a nemi danginsa, ko a nemi hanyar kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau.

Almajirai kuwa yara ne da ba a hau kansu da hukunci ba, laifin yawonsu yana kan uban da ya sauke ɗansa a gari ba guzuri ba waiwaye, alhali ciyar da ɗa wajibi ne a kansa, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. Neman Alƙur'ani bai sauke wannan wajibi ba. Amma ba a hukunta uba ta hanyar barin ɗansa da yunwa. Abin da nake ganin ya fi shi ne ka daina miƙa canji ta tagar mota a danja, domin wannan ne yake riƙe yaro a tsakiyar titi tsakanin motoci da Adaidaita Sahu a lokacin da ya kamata yana gaban allonsa. Ka koma ga al'adar da Kanawa suka gada, inda gida yake ɗaukar almajiri ɗaya ko biyu, a san sunansa da malaminsa, a ajiye masa kwanonsa safe da dare, a ba shi sabulu, a kai shi kyamis idan ya kwanta, ba tare da an mayar da shi bawan aike ba. In da hali ka kai buhun hatsi tsangayar da kanka, ka ga inda yaran suke kwana.

Maganar doka gaskiya ce. Jihar Kano ta yi dokar hana bara a tituna a 2013, aka sake shelanta hanin a watan Fabrairu na 2020, kuma Hukumar Hisba takan yi kame. Shugaba yana da ikon hana abin da ya ga ɓarna a cikinsa, kuma biyayya gare shi a nan wajibi ce, amma hanin bai shafe wajibin ceton mai larura ba, kuma shi kansa shugaban nauyin samar wa gajiyayyu mafita yana kansa, tun da kame ba ya ƙosar da ciki.

Zakka ta fi sadaka tsanani, domin haƙƙin rukunin mutane takwas ce da Allah ya ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba. A mazhabarmu ana gaskata wanda ya ce shi matalauci ne matuƙar babu abin da ke sa shakka, sai dai idan mai dukiya ya raba da kansa, ta faɗa hannun wanda bai cancanta ba kuma aka kasa karɓo ta, to ba ta isar masa ba, sai ya sake fitarwa. Don haka kada ka raba zakkarka a bakin titi ga wanda ba ka sani ba. Ka nemi waɗanda aya ta 273 ta Baƙara ta siffanta, waɗanda wanda bai san halinsu ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kai, irin matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu a lungunku, ko ɗan dakon da ya tsufa a kasuwarku bai taɓa roƙonka ba. Ka fara da danginka da ciyar da su bai wajaba a kanka ba, domin abin da aka ba ɗan'uwa sadaka ce da sada zumunci. Malamai sun halatta a ba mutum ɗaya abin da zai ishe shi shekara, saboda haka ya fi ka ba mutum biyu jarin da za su tsaya da ƙafarsu a kan ka watsa kuɗin a hannu ɗari. Idan ba ka san mabuƙata ba, limamin unguwarku ya san su, kuma akwai Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha.

Shi kuma mai takardar magani, kada ka ƙaryata shi kuma kada ka ba shi kuɗi a hannu idan kana shakka. Ka tura yaronka ya raka shi kyamis ya biya kuɗin maganin a can. Mai gaskiya zai bi shi da godiya, wanda ya ƙi bi kuwa ka sallame shi da magana mai daɗi, babu komai a kanka.

Allah ne mafi sani.