Amsa: rajistar okid ɗin da ka haɗa

Malam, ka tambaya ko kowane ɗan okid (wata shukar ado mai fure) daga barbarar da ka haɗa zai samu rajista da sunansa, tunda launin furanninsu zai bambanta. A'a, suna ɗaya za su ci dukansu. Ƙungiyar masu lambu ta Ingila, RHS, mai riƙe da kundin rajistar okid tun 1961, iyayen biyu take dubawa. In wani ya riga ka yin rajistar haɗin waɗannan iyayen, sunan da ya sa ne ya zauna. Wanda ya fi burge ka sai ka yi masa laƙabi.

Amma fa ba a rajista sai sun yi fure, kuma ka tabbatar da iyayen. Nan Jos damina kan wanke rubutun biro tas, shi ya sa da fensir nake rubuta sunayen iyayen, sunan uwa (wadda za ta ɗauki iri) a gaba, in ɗaura a wuyan furen tun ranar barbarar.