Me ya sa jam'in "child" bai zama "childs" ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji uku na babbar sakandare, ina shirin rubuta WAEC. An koya mana cewa in ana son jam'i a Turanci sai a ƙara s, amma da na rubuta "foots" da "childs" malamarmu ta ja musu jan biro. Akwai wata ƙa'ida ne, ko haddacewa zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin ki yi fushi da Turanci, ki dubi bakinki: sa ya zama shanu, akuya awaki, doki dawaki, mace mata. Bature mai koyon Hausa ya fi ki shan wuya nesa ba kusa ba.

Kalmomi irin su foot da child da suka bijire wa s ragowar tsohon Turanci ne, kuma ba su da yawa. Ɗauki foot. Tun kafin a fara rubuta Turanci, jam'inta yana ƙarewa da wasalin i. Wannan i ɗin ya riƙa jan wasalin tsakiya zuwa gaban baki, daga baya shi kansa ya faɗi, ya bar tabonsa: feet. Bakwai ne 'yan wannan gida: man, woman, foot, tooth, goose, mouse da louse, jam'insu men, women, feet, teeth, geese, mice da lice. Ki lura da women, "wimin" ake furta ta, a gaba sauyin yake fita.

Children kuwa jam'i biyu aka ɗora mata. Da can cildru ake cewa, sai aka sake liƙa mata en irin ta oxen. Shi ya sa "childrens" ta zama kaya uku a kai ɗaya.

Sheep da deer ba sa canzawa ko guda ɗari ne. Knife da leaf suna komawa knives da leaves, amma roof da chief s kawai suke ɗauka. Waɗannan kam sai hadda.

A ganina, inda ɗalibai suka fi zubar da maki shi ne kalmomin aro daga Latin da Girkanci, waɗanda suka shigo da jam'insu na gida: criterion ya zama criteria, crisis crises, bacterium bacteria. Kada ki rubuta "a criteria", ko da kin ji babba ya faɗa a rediyo. Haka furniture, equipment, luggage da information, ba su da jam'i sam. Na san kina ganin "furnitures" a allon shagon kafinta, amma mai duba takardarki zai soke ta. Ki ce two pieces of furniture.

Ki ware shafi ɗaya a bayan littafinki, ki rubuta su gida-gida, kowace cikin jimla, don ki saba da the children are da the furniture is. In an zo kan mouse na kwamfuta, mice da mouses duk sun halatta.