Wai da gaske ne a Turai ana biyan wanda ya rasa aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata biyar kenan da kamfanin da nake wa aiki ya sallame mu, yanzu dai sai buga-buga ga iyali. A majalisarmu wani da yayansa ke Jamus yake cewa can in ka rasa aiki gwamnati ke biyanka kana kwance a gida. Don Allah gaskiya ne, kuma mu me ya hana a yi mana haka?
Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah Ya musanya maka da mafi alheri. Mutumin naku bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya kawo muku. A Jamus kuɗin nan ba kyauta ba ne, kamar adashi yake, duk wata ana cirewa a albashin ma'aikaci shi ma mai kamfani ya zuba nasa, in aiki ya kufce sai ka kwasa, kashi 60 cikin ɗari na abin da kake ɗauka a hannu, mai 'ya'ya 67, kuma yawanci shekara ɗaya ce ta ƙare. Maganar kwanciya a gida kuwa babu ita, ofishin samar da aiki zai yi ta nemanka, in aka samo maka aiki ka ƙi ba hujja a datse kuɗin.

Su ma da kansu sun tsuke bakin aljihu. A farkon 2005 marasa aiki a Jamus sun haura miliyan 5, a shekarar ne dokar Hartz ta huɗu ta gwamnatin Gerhard Schröder ta fara aiki, wanda ya daɗe ba aiki aka mayar da shi kan ɗan tallafin da bai wuce na ci da sha da kuɗin haya ba. Rashin aiki ya ragu daga baya amma ƙananan ayyuka masu albashin da bai taka kara ya karya ba sun yawaita, har yau suna gardama a kai, a 2023 ma sai da aka sake wa tsarin suna da fasali. Amurka ta fi tsanani, dokar da Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996 ta ce tallafin kuɗin tarayya ga iyalai matalauta kada ya wuce shekara 5 a duk rayuwar mutum.

To mu me ya hana? Ka leƙa kasuwar Sabon Gari, ka duba masu ɗinkin babbar riga a cikin Birni da 'yan adaidaita, wa ke da takardar albashi a cikinsu balle a cire wani abu? Adashin da ba masu zubi ai ba ranar kwasa. Shi ya sa ni a ganina Brazil da Indiya suka fi kama da mu. Brazil ta kafa Bolsa Família a 2003, ana ba uwa kuɗi duk wata da sharaɗin yara su je makaranta a yi musu rigakafi, Indiya kuma ta yi doka a 2005 cewa kowane gida a karkara yana da haƙƙin aikin kwana 100 a shekara. Doka ce fa, ba alfarmar wani ɗan siyasa ba, kuma nan ne abin yake min ciwo, N-Power da aka fara a 2016 da naira 30,000 a wata ta taimaki matasa da yawa amma shiri ne kawai da ake iya tsayarwa rana ɗaya.

Kai kuma ga abin da za ka yi tun gobe. In kamfanin naku yana zuba maka fansho, dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ya taru, kai ka ma wuce wata 4. Ka ɗauki takardar sallamarka ka je wurin kamfanin da ke riƙe da fanshonka, ka fara da neman su buga maka bayanin asusun ka ga ko ana zuba kuɗin da gaske.